MAGANIN DA MUKA RAINA SHI KE KWANTAR DA MU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.



Maganar kodin da tiramadol mun sha yin ta a kan mumbari, tun kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Mai shan waɗannan don maye ya san ɓarna yake yi. Darasin yau kuwa na mutanen kirki ne: ladan, da mai ɗinkin babbar riga da ke wuni a sunkuye, da ɗan acaɓa, da Hajiya mai ciwon gwiwa, da amaryar da ake shiri. Mutanen da ba su taɓa neman maye ba, amma kullum sai sun haɗiyi wani abu, kuma ko sunansa ba su sani ba.

Ka bi titi daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, ka gangara kasuwar birni, ka ƙirga kemis. Ka haɗa da masu yawo da magani a faranti cikin rana tsaka. Cinikin kuwa kusan iri ɗaya ne. Mutum zai tsaya ya ce, "Jikina duk ciwo yake, a haɗa min na ɗari biyar." Yaron shago ya ɓare wannan, ya yanko wancan, ya ƙulle ƙwaya huɗu ko biyar a leda ya ce, "Ga shi Baba, a sha gaba ɗaya." Babu kwali, babu suna, babu tambayar ko Baba yana da hawan jini ko gyambon ciki.

Addininmu ya umarce mu da neman magani, wannan babu saɓani. Amma hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya ɗaura warkewa a kan sharaɗi, wato maganin ya dace da cutar, sannan da izinin Allah. Ibnul Ƙayyim ma a cikin Zadul Ma'ad ya yi bayanin cewa idan magani bai tarar da cutar da zai yi aiki a kanta ba, ko ya wuce gwargwadonta, to lafiyar jiki yake komawa ya ci. Abin da likitocin yau suke faɗa ke nan da nasu yaren: duk abin da ke da ƙarfin gyara wani abu a jikinka, yana da ƙarfin ɓata wani. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. FARASITAMOL

Na fara da shi ne don shi muka fi rainawa, har wasu ba sa lissafa shi cikin magani. In an sha shi daidai yana cikin mafi aminci, shi ya sa ake ba mai ciki da yaro. Amma yana da iyaka. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Babban mutum mai lafiya ba ya wuce ƙwaya biyu a lokaci guda, ba ya wuce takwas a cikin awa 24. Hanta ce ke sarrafa shi, kuma idan ya yi mata yawa sai wani dafi ya taru ya riƙa kashe ta.

Ta ina mutum ke wuce iyaka bai sani ba? Ta hanyar sunaye. Ya sha Panadol don ciwon kai, ya sha Procold ko Mixagrip don mura, ya ƙara da Ibucap don ciwon jiki. A ganinsa magani uku ya sha, alhali duka ukun akwai farasitamol a ciki. Abin tsoron kuma shi ne, wanda ya sha fiye da kima yana iya wuni ras, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi ɗorawa, amai ya tsananta. Makarinsa yana nan a asibiti, amma ya fi aiki cikin awa takwas na farko. Saboda haka idan yaro ya ɗauki kwalba ya shanye, kada a ce bari mu gani zuwa gobe. Mai ciwon hanta kuma, ga shi ta yi yawa a cikinmu, likita ne zai yanka masa nasa gwargwadon.

2. MAGUNGUNAN CIWON JIKI

Nan ne ɓarnar ta fi yawa, kuma nan nake so mu daɗe. Ibufurofen, dikilofenak, firoksikam da muka fi sani da Felvin, da asfirin da ke cikin garin Alabukun, duk 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya.

Akwai wani sinadari da jiki ke samarwa mai suna furostagilandin. Shi ke kawo zafi da kumburi a wurin da ke ciwo, waɗannan magunguna kuma toshe shi suke yi, shi ya sa kake jin sauƙi. To amma Allah Ya ba wannan sinadari wasu ayyukan. Shi ke sa tumbi ya shafe bangonsa da wani yauƙi da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Shi ne kuma ke buɗe wa jini hanya zuwa ƙoda a lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Ƙwayar ba ta san gwiwa kaɗai ka nufa ba, ko'ina take toshewa.

Ka ga sakamako biyu ke nan. Na farko gyambon ciki, har ya kai ga zubar jini. Alamarsa bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ko amai mai jini, ko jiri in an miƙe. Wani dattijon ma ba ya jin ciwon cikin, sai dai a ga ya faɗi. Na biyu ƙoda. Ka ɗauki leburan da ya wuni yana zufa a zafin Afrilu, bai sha ruwa sosai ba, da dare ya sha haɗi, gobe haka, jibi haka, shekara da shekaru. Ko mai azumin da ya haɗiyi dikilofenak da sahur sannan ya yi awa goma sha uku ko fiye ba ruwa. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Kafin ƙafa ta kumbura, fuska ta tashi, aikin gama ya kusa gamawa. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Shika ya san abin da nake nufi: zama biyu ko uku a mako, kowane zama da kuɗinsa, har a sayar da gona a sayar da fili.

Ku riƙe waɗannan. Shan biyu daga cikinsu tare, kamar Felvin da dikilofenak, ba ya ninka sauƙi, haɗari yake ninkawa, kuma sau da yawa abin da ke cikin ledar haɗi ke nan. Suna ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin maganinsa. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai ciki musamman a watannin ƙarshe, da wasu masu asma, su nisance su sai da izinin likita. Wanda ya zama dole ya sha, ya sha bayan cin abinci, da ruwa isasshe, na kwanaki kaɗan. Ciwon da ya wuce mako yana neman ƙwaya kullum, bincike yake nema.

3. SHA-KA-FASHE

Iyaye mata, wannan taku ce. Idan biki ya matso sai a ce yarinya ta rame, a nemo mata abin da zai ciko ta. Abin da ake bayarwa yawanci biyu ne: sifiroheftadin, irin su Super Apeti, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne amma yana buɗe ciki yana sa barci, da kuma deksametason, wanda ake ce wa deksa.

Deksa magani ne babba. A watan Yunin 2020 masu bincike a jami'ar Oxford ta Ingila suka tabbatar yana rage mutuwa ga masu korona da numfashinsu ya yi tsanani. A hannun likita rai yake ceta. Amma ƙibar da yake kawowa cuta ce. Ruwa da gishiri yake tarawa, kitse ya taru a fuska da ciki da doron wuya, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Fuska ta yi zagaye, nankarwa mai faɗi ta fito, fata ta yi laushi, suga ya hau, jini ya hau, garkuwar jiki ta faɗi, ƙashi ya yi rauni. Wata ƙashin ƙugunta ne ke mutuwa, yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta koma ɗingishi. Da yawa daga mayukan bilicin ma 'yan'uwan deksa ne a ciki, ta fata suke shiga jini.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya sani. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke rana ɗaya don ta karanta wannan rubutu. Jiki yana da nasa irin wannan sinadari da yake samarwa a saman ƙoda, kuma idan ana ba shi daga waje sai ya daina yin nasa. Yankewa farat ɗaya na iya kawo kasala mai tsanani, amai, faɗuwar jini, har rasa rai. A je asibiti a faɗi gaskiya, a hankali ake janye shi.

Ku kuma maza, ku ji tsoron Allah a kan kalaman da kuke jifan matanku da su. Mace da yawa gorin miji ne ya kai ta kemis.

4. "AI NA GARGAJIYA NE", "AI NA MUSULUNCI NE"

Wannan kalma ta kwantar da mutane da yawa. Bari na ba ku misali daga cikin garin nan. Daga 1969, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Dakta Davidson, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a Zariya da kewayenta. Suka bibiyi mata fiye da 200, suka wallafa sakamakon a 1978, har sunan Zariya ya shiga littattafan likitancin zuciya na duniya. Abin da suka danganta shi da shi sanannen abu ne a gidajenmu: kunun kanwa da ake ɗirka wa mai jego, ga wankan tafasasshen ruwa, ga kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kanwa cike take da sinadarin nan na gishiri da ke tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗawainiyar ciki kuwa sai nauyin ya fi ƙarfinta. Binciken da aka yi daga baya a Kano, irin na Farfesa Kamilu Ƙaraye, ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, don haka ba kanwa kaɗai ba ce. Amma har gobe mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙoda, kanwa mai yawa ba tasa ba ce. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, asibiti za a kai ta a ranar.

Zuma da habbatus sauda kuwa, falalarsu ta tabbata a nassi, ba mu da ja. Sai dai falala ba ta soke gwargwado. Zuma suga ce ga mai ciwon suga. Jaririn da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, ta saki dafin da ke shanye jiki har numfashi. Habbatus sauda tana iya sauke suga da jini, to wanda ke kan maganin asibiti ya ƙara ta a kai, saukar na iya yin yawa. Filasko, wato sana makki, yana wanke ciki, amma mai shan sa kullum ruwa da gishirin jikinsa ke tsiyayewa, hanji kuma ya saba sai da shi. Kada ka ɓoye wa likita cewa kana shan waɗannan, kuma kada wani mai shago ya sa ka ajiye maganin hawan jininka don kwalbarsa.

Sai na ƙarfin maza da ake tallarsa da lasifika. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano ƙwayar asibiti irin Viagra an niƙa a cikin abin da aka rubuta wa "tsantsar itatuwa". Mai ciwon zuciyar da ke shan maganin ciwon ƙirji, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa da wannan jininsa na iya faɗuwa nan take. Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya kuma ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtuka ashirin ɗin da aka jera a kwalinsa.

5. YARANMU

Mutanen Zariya ba za su manta ƙarshen 2008 ba. Jarirai aka riƙa kaiwa asibitin Shika fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya, haka ma a Legas da Ibadan. Aka gano maganin haƙori ne mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai dafi irin wanda ake sa wa a man birki. Zuwa farkon 2009 ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta ce yara 84 sun rasu, a 2013 kuma kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu. Allah Ya sa masu ceto ne ga iyayensu. Abin lura a nan, fitowar haƙori ba cutar da ke buƙatar kwalbar magani ba ce tun farko. Zazzaɓi mai zafi ko gudawa a lokacin haƙori wata cuta ce daban da ya kamata a bincika.

Yaro ba ƙaramin babba ba ne da za a raba masa ƙwaya biyu a ba shi rabi, da nauyinsa ake auna masa. Kafso ja da ruwan ɗorawa, wato tetirasaikilin, da ake farkewa a zuba wa yaro don gudawa, yana ɓata haƙoran ɗan ƙasa da shekara takwas har abada. Asfirin ba a ba yaro mai zazzaɓi, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Gudawar yara ruwan gishiri da suga da ƙwayar zinki take nema kafin komai. Ƙwayoyin ƙarin jinin da uwa ta karɓo a awon ciki kuwa, masu kama da alewa, guba ne ga yaron da ya haɗiyi da yawa. A ɗaga su sama.

6. WACE ILLA AKE HAƘURI DA ITA, WACE AKE GUDU ASIBITI?

Kada wani ya fahimce ni a karkace ya watsar da maganin da likita ya ɗora shi a kai. Manyanmu sun tuna ƙaiƙayin kulorokwin, mutum ya kwana yana susa, amma ba ya kisa. Akwai irinsa da yawa. Maganin tarin fuka yana mayar da fitsari ja, wannan ba komai, a cika wata shida. Ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bayan gida tana ɗaure ciki, mai ciki ta ci gaba da sha, ta dai raba shi da lokacin shan shayi don shayi na hana shi shiga jiki. Lisinofiril na hawan jini yana sa wasu busasshen tari, amlodifin yana kumbura wa wasu ƙafa. Waɗannan komawa ake yi a canza wani. Wanda ya ajiye maganin hawan jini ya yi shiru, shanyewar ɓarin jiki yake gayyata.

Amma akwai alamomin da ba a kwana da su:

• Kumburin leɓe, harshe ko fuska, ko numfashi ya toshe bayan shan magani ko allura.
• Ƙuraje da zazzaɓi, baki da ido su yi gyambo, fata ta fara saɓulewa kamar ƙuna. Fansidar da Septrin da wasu magungunan farfaɗiya suna yi wa wasu haka.
• Ido ya yi ɗorawa, ko fitsari ya koma kamar lemon kwalba baƙi, ko ya ɗauke.
• Amai da jini, ko bayan gida kamar kwalta ga mai shan maganin ciwon jiki.
• Zufa, rawar jiki da ruɗewa ga mai shan maganin suga irin Daonil ko mai allurar insulin.

Wannan na ƙarshen ya fi faruwa da azumi. Sugansa ne ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, ya rama azumin daga baya. Shari'a ta ba shi wannan sauƙi, nacewa a irin wannan hali ba taƙawa ba ce. Mai ciwon suga ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a daidaita masa lokutan sha.

Duk maganin da ya taɓa yi maka irin wannan, ka rubuta sunansa, iyalinka su sani. A sanar da asibiti kuma, domin NAFDAC na tattara irin waɗannan rahotanni, cibiyarta ta Arewa maso Yamma ma a Shika take. Rahoton da likitoci suka kai ne ya sa aka janye My Pikin daga kasuwa.

7. NASIHA

Ga 'yan'uwana masu kemis: na san da yawanku kuna taimakon talaka a lokacin da asibiti ya yi masa nisa ko tsada, Allah Ya saka. Amma malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, abin da ya lalace yana wuyansa. Kada ka bar yaron da bai san komai ba a kan kanta. Kada ka ba da ƙwaya tsirara ba suna. "Wannan ya fi ƙarfina, a tafi asibiti" ba ta rage arziki. Asibitin Gambo Sawaba yana nan Ƙofar Gayan, ga ƙananan asibitocin unguwa.

Ga mai saye kuma, kafin ka haɗiyi komai ka yi tambaya huɗu. Mene ne sunansa? Nawa zan sha, sau nawa, har kwana nawa? Da me ba a haɗa shi? Wace alama zan gani in dawo? Sannan ka faɗi naka: ina da ciki, ina shayarwa, ina da olsa, ina shan kaza da kaza. Idan za ka asibiti ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, har na gargajiyan.

Wani zai ce, "Malam, ai kwana in ya ƙare ya ƙare." Gaskiya ne, ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma kai ma ba ka tsallaka titin Ƙofar Doka ido rufe don ka yi imani da ƙaddara. Jikin nan amana ne, za a tambaye mu yadda muka yi da shi, kuma za a tambaye mu abin da muka zuba a bakin 'ya'yanmu da iyayenmu tsofaffi waɗanda ba sa iya karanta kwali. Yau da dare kowa ya buɗe ledar maganin gidansa ya duba. Wanda ba shi da suna ko ya wuce wa'adi a raba shi da gidan, wanda ake shakka a kai wa masani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A tura wa 'yan'uwa, a karanta wa waɗanda ba sa karatu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.